Zoben da ke ƙafar tsuntsu

A wani rani da ya wuce, a fadamar Galma, wani dattijo mai lambun tumatir da albasa ya ja ni gefe bayan mun gaisa. Ya ga madubin hangen nesa rataye a wuyana, yara kuma sun riga sun gaya masa kallon tsuntsaye ne ke kawo ni. Ya zura hannu a aljihu ya ciro makullansa. A jikinsu akwai wani ɗan zobe na alminiyon ɗaure da zare, da kaɗan ya fi ƙwayar dawa.

"Ɗana, jikana ne ya harbo wani tsuntsu da danƙo, yau shekara uku, muka tarar da wannan a ƙafarsa. Wasu sun ce sammu ne, wasu sun ce na masu leƙen asiri ne. Ni dai na ajiye. Kai da ka yi boko, mene ne?"

Na ce, "Baba, ko ka tuna kamannin tsuntsun?" Ya tuna sarai. Ƙarami ne, cikinsa rawaya, yana yawan kaɗa wutsiya, irin waɗanda ke bin ƙafafun shanu a fadama lokacin hunturu. Na juya zoben a hasken rana. Ana iya karanta guntun adireshin wani gidan tarihi na Turai, amma gogayya da makullai ta cinye biyu daga cikin lambobin. Wani mutum a wata ƙasa ya tashi da asuba ya kama tsuntsun nan, ya auna shi, ya rubuta lambarsa a littafi. Tsuntsun ya ƙetare teku da Sahara ya sauka a Zariya. Saƙon ya iso hannun mutumin kirki da ya adana shi shekara uku, amma bai koma inda aka aiko shi ba, don babu wanda ya taɓa gaya wa dattijon, da Hausa, cewa saƙo ne.

Kafin a ƙirƙiro wannan zobe, Turawa ba su da cikakken sanin inda tsuntsayensu ke tafiya idan sanyi ya shigo. Har akwai masu ilimi a cikinsu da suka yarda cewa tsattsewa nutsewa take yi cikin laka a ƙasan tafki ta yi barci har bazara. A 1822 aka harbo wata farar shamuwa a arewacin Jamus, da mashin Afirka soke a wuyanta. Ta tashi da shi daga wannan nahiya tamu har can. Gawarta tana nan ajiye a Jami'ar Rostock. Sai a 1899 wani malamin makaranta ɗan ƙasar Danmak, Hans Christian Mortensen, ya fara sa wa tsuntsaye zoben alminiyon mai lamba da adireshi. Dabarar ba ta canza ba har yau: lambar da babu wani tsuntsu a duniya mai irinta, da adireshin da wanda ya tsinta zai aika da labari.

A Najeriya, wurin da aka fi yin wannan aiki a tsare shi ne dajin Amurum, kusa da ƙauyen Laminga a wajen Jos. Can cibiyar binciken tsuntsaye ta A.P. Leventis take, wadda aka fi sani da APLORI. Ta fara aiki a 2002, da haɗin gwiwar Jami'ar Jos, da gidauniyar kare muhalli ta NCF, da mutanen Laminga masu dajin. Dajin bai wuce hekta 300 ba, amma an ga nau'in tsuntsu kusan 300 a cikinsa, har da wani ɗan jan tsuntsun duwatsu da masana ba su ba shi suna ba sai a 1998. Ƙasar gaba ɗaya tana da nau'i sama da 900.

Na taɓa kwana can don in ga aikin da idona. Kafin gari ya waye ake buɗe raga. Siririya ce baƙa, kamar gashin kai, an ɗaura ta tsakanin sanduna biyu a hanyar da tsuntsaye ke ratsawa, kuma idan ka tsaya gefe da kyar za ka gan ta. Tsuntsu ya taho ya faɗa cikin aljihun ragar ya kwanta. Duk bayan minti 20 zuwa 30 ana zagayawa a ciro waɗanda suka shiga, kowanne a saka shi cikin 'yar jakar yadi, domin duhu yana kwantar masa da hankali. A teburin aiki na zauna kusa da wata ɗaliba da ke aunawa. Ta riƙe tsuntsun, kansa tsakanin manuniya da ɗan yatsan tsakiya, jikinsa kwance a tafin hannunta, babu matsi. Ta zaɓi zobe daidai kaurin ƙafarsa ta rufe da wata filaya mai ramuka, ta murza shi ta tabbatar yana juyawa. Ta shimfiɗa fiffike a kan rula ta faɗi tsawonsa, mai rubutu ya maimaita. Sannan ta yi abin da ya fi burge ni: ta ɗaga tsuntsun kusa da bakinta ta hura gashin cikinsa. Gashin ya buɗe, fatar siririya ce har ana ganin abin da ke ƙarƙashinta. "Malam, duba nan," in ji ta. A ramin ƙasan wuyansa akwai kitse rawaya, ya cika ya tasa. Ta ba shi maki a ma'aunin da ke tafiya daga 0 zuwa 8, ta ɗora shi a sikeli, ta buɗe hannu. Duka bai kai minti biyu ba ya koma daji. Da rana ta fara zafi aka naɗe ragar gaba ɗaya, haka kuma ake yi in hadari ya taso.

Kitsen nan shi ne man tafiya. Akwai ƙaramin tsuntsun lambu da ke zuwa daga Turai, wanda nauyinsa na yau da kullum bai wuce giram 18 ba. Kafin ya tunkari Sahara a watan Afrilu, sai ya ci ƙwari da 'ya'yan itace har ya haura giram 30. A gabansa akwai tafiyar kilomita 1,500 ko fiye da babu abinci, babu ruwa. In bai tara isasshen kitse a wurinmu ba, a cikin rairayi zai faɗi. An ƙiyasta cewa ƙananan tsuntsaye kusan biliyan biyu ke barin Turai su shigo Afirka kowace shekara, kuma yankinmu na savana da Sahel shi ne zangonsu na farko bayan hamada, shi ne kuma na ƙarshe kafin su koma.

Mutane da yawa suna zaton amfanin zobe shi ne a ji cewa tsuntsun da aka kama a Suwidin an same shi a Kano. Hakan yana faruwa, yana da daɗin ji, amma da wuya. A ƙananan tsuntsaye, ko ɗaya cikin ɗari ba a sake jin labarinsa daga nesa. Ribar da ta fi yawa tana cikin maimaitawa. A kafa raga iri ɗaya, a wuri ɗaya, a lokaci ɗaya na shekara, awoyi iri ɗaya, shekara bayan shekara. Da haka ake sanin nawa ne cikin waɗanda aka sa wa zobe bara suka dawo bana, nawa ne 'ya'yan bana a cikin kamun, ko nauyinsu yana raguwa, ko lokacin zuwansu ya matsa. Kamun shekara ɗaya ba ya faɗin komai. Na shekara ashirin kuwa yana iya gaya maka ko tsuntsu yana ƙarewa ne saboda manya suna mutuwa, ko saboda ƙwai ba ya ƙyanƙyashewa, kuma maganin waɗannan biyun ba ɗaya ba ne. A kewayen Jos an gano cewa wani ɗan tsuntsun gona da ke hayayyafa a gabashin Turai yakan dawo kan gona ɗaya, kusan kan kara ɗaya, duk shekara. Wato idan aka share wannan 'yar saurar, akwai tsuntsun da zai yi tafiyar dubban kilomitoci ya tarar gidansa babu.

Ga misalin da ya kamata kowane ɗan Arewa ya sani. A bazarar 1969, masu ƙidayar tsuntsaye a Ingila suka ga fiye da kashi biyu cikin uku na wani ɗan tsuntsu mai farin maƙogwaro bai dawo ba. Babu abin da ya canza a gonakinsu. Da suka bi sawu, sai suka gano cewa ruwa ne ya gaza a Sahel a daminar 1968, inda tsuntsun ke yin hunturu. Farin nan ne ya ci gaba har ya kai ga yunwar 1973 da iyayenmu ke ba da labari, wadda ta karkashe shanu ta tarwatsa ƙauyuka. Tsuntsu mai giram 15 ya nuna alamar shekaru kafin duniya ta farga. An iya karanta alamar ne kawai saboda akwai masu ƙirga tun kafin bala'in.

Wani abin da bin tsuntsaye ya tona ya shafi bishiyoyinmu kai tsaye. Masu bincike daga Holan sun shafe shekaru suna ƙirga tsuntsaye bishiya bayan bishiya a faɗin Sahel. Sun tarar baƙin tsuntsayen da ke zuwa daga Turai sun fi taruwa a 'yan itatuwa kaɗan, yawancinsu masu ƙaya, irin su gawo da aduwa. Dalili a fili yake ga duk manomi: gawo yana fitar da ganye da fure da rani, lokacin da sauran itatuwa suka kaɗe, ƙwari kuma suna bin furen. Darbejiya da itacen turare, waɗanda muka fi dasawa da sunan yaƙi da hamada, kusan babu abin da suke ba waɗannan tsuntsaye. Ba na ƙin darbejiya, inuwarta ta rufa wa garuruwanmu asiri. Amma a sare gawo a yi gawayi, a dasa turare a madadinsa, a ce an mayar da daji, wannan lissafin bai fita ba. Gawon da ke ciyar da tsuntsu shi ne mai zuba taki a gona, shi ne mai ba awaki abinci a tsakiyar rani.

Abin da ke sosa mini rai shi ne, Zariya ba baƙuwa ba ce a wannan ilimi. Hilary Fry, wanda daga baya ya zama ɗaya daga cikin manyan masana tsuntsayen Afirka, a Jami'ar Ahmadu Bello ya koyar a shekarun 1960. Yana cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar masana tsuntsaye ta Najeriya a 1964, kuma a 1965 ya wallafa jerin tsuntsayen Zariya. A kwazazzaban kewayen garin nan ya yi nazarin koren tsuntsun nan mai jan maƙogwaro da ke cin ƙudan zuma, wanda ke haƙa rami a gaɓar kwazazzabo da kaka, ƙasa na da taushi, sannan ya yi ƙwai da rani. Da yake ya yi wa kowannensu alama, sai ya gano cewa a ramuka da dama ba uwa da uba kaɗai ke ciyar da 'ya'ya ba, akwai mataimaka, galibi 'yan'uwa, da ke kawo abinci. Da ido kawai ba za ka taɓa ganin haka ba, domin duk kamarsu ɗaya. Wannan bincike ya shiga littattafan ilimin dabbobi na duniya, kuma daga ƙasar Zazzau ya fito. Fry ɗin da abokan aikinsa sun kuma je Malamfatori a bakin Tafkin Chadi suka auna nauyin baƙin tsuntsaye kafin su shiga hamada. Daga baya, Augustine Ezealor, wanda a lokacin yake Jami'ar Ahmadu Bello, shi ya tattara bayanin wurare 27 mafiya muhimmanci ga tsuntsaye a Najeriya, aka wallafa a 2001. Jerin Fry na 1965 dukiya ce. Duk ɗalibin da ya ɗauke shi ya zagaya Kufena, da dam ɗin Kubanni, da tafkin Bomo, da Shika, da fadamar Galma, zai iya nuna mana a rubuce abin da ya rage da abin da ya ɓace cikin shekara sittin.

Akwai kuma wata karkata a wannan ilimi da ya kamata a faɗa. Da yake yawancin kuɗin bincike da masu sa zobe a Turai suke, an fi sanin tafiyar tsuntsayen da ke zuwa daga can fiye da ta namu na gida. Ɗauki shamuwa. Kowane yaro a ƙauye ya san in ta sauka kan rimi ko tsamiya, damina ta ƙarato, a gyara gona. Ba a taɓa ta, ba a taɓa ƙwanta. Amma ina take zuwa bayan kaka? Sai da aka ɗaura wa wasu na'urar tauraron ɗan'adam a Jamhuriyar Nijar, a farkon shekarun 2000, aka bi hanyarsu dalla-dalla zuwa gabashi da kudancin Afirka, suna bin ruwan sama da fara. Cilakowa ma tana matsawa kudu da arewa da yanayi, haka shirwa. Manoma da makiyaya da maharba suna riƙe da ilimin zuwan waɗannan da tafiyarsu a ka, da sunayensu na Hausa da Fulatanci, kuma kaɗan ne daga ciki aka rubuta.

Nakan ji tambayoyi biyu, kuma duka suna da nauyi. Ta farko: wannan ba azabtar da halittar Allah ba ne? Muna da hadisin da Annabi (SAW) ya ga uwar tsuntsu tana shawagi cikin damuwa don an ɗauke mata 'ya'ya, ya ce a mayar mata da su. Alƙur'ani ma a Suratul An'am ya kira tsuntsaye al'ummomi irinmu. Gaskiya ita ce tsuntsu yana firgita a raga, kuma a hannun wanda bai iya ba yana iya karyewa ko ya mutu. Shi ya sa ba a barin kowa ya kafa raga sai ya daɗe yana koyo a ƙarƙashin gwani, shi ya sa ake da ƙa'idar zagaye da ta naɗe raga, shi ya sa na'urar da ake ɗaura wa tsuntsu ba ta wuce kashi 3 zuwa 5 cikin 100 na nauyinsa. A ganina, abin da ke halatta firgicin minti biyun nan shi ne a yi amfani da abin da aka rubuta. Wanda ya kama tsuntsu ya sa masa zobe sannan ya bar littafin gara ta cinye, ya wahalar da shi a banza.

Ta biyu ta fi zafi: mutane na fama da tsadar abinci da rashin tsaro, ku kuna bin tsuntsu? Ba na raina wannan magana. Gandun dajin Kamuku da ke Birnin Gwari, a jiharmu ta Kaduna, shekaru ke nan shiga cikinsa sai da shahada, kuma ko a bayan gari mai madubin hangen nesa sai ya fara gaida mai unguwa ya bayyana kansa kafin a saki jiki da shi. Amma a tambayi mai shinkafa ko alkama a Hadeja da Kebbi game da tsuntsun jan-baki mai cinye amfanin gona. Ana kashe kuɗi masu yawa wajen fesa masa guba da jirgi, gubar kuma tana kashe shaho da mujiya da sauran masu taimakon manomi. Sanin inda jan-baki ke kwana, da lokacin da yake hayayyafa, da yadda yake bin ruwan sama, aikin masu nazarin tsuntsaye ne. A tuna kuma cewa murar tsuntsaye mai tsanani ta H5N1, karon farko da aka tabbatar da ita a Afirka, a wata gonar kaji ce a Jaji, nan kan hanyarmu ta Kaduna, a Fabrairun 2006. Binciken ƙwayar cutar ya nuna ta shigo ƙasar fiye da sau ɗaya, kuma rarrabe rawar da fataucin kaji ya taka da wadda agwagin daji suka taka yana bukatar sanin hanyoyin agwagin. Zariya ma, garin da ke da kwalejin koyon tuƙin jirgin sama tun 1964, yana da dalilinsa na sanin wane tsuntsu ke shawagi a sama a wane wata, domin tsuntsu kan yi karo da jirgi.

Sai ungulu. Duk wanda ya girma a Zariya ya haura shekara arba'in ya san yadda take cika kwata da kasuwa da rufin kwano. Hausawa suka ce ungulu ba ta jewar banza. Yau yaro zai iya gama firamare bai gan ta ba. A 2015 aka saka ungulun gari cikin jerin halittun da ke dab da ƙarewa a duniya. Guba, da sare manyan itatuwan da take sheƙa, da cinikin kanta da sassanta don tsibbu, su suka haɗu a kanta, duk da dokar kare namun daji ta 1985 da aka yi wa gyara a 2016 ta hana. Ta ɓace a gaban idonmu, kuma da wuya ka sami wanda zai iya cewa ga shekarar da ta fara raguwa a kwatar unguwarsu, domin kowa ya ɗauka tana nan har abada, ba a ƙirga ba. Mushen da take kwashewa kyauta yanzu karnuka da ƙudaje ke gadonsa.

Na'urorin zamani sun ƙara ido. Tun 2011 ake bin wasu tsuntsaye daga Ingila ta tauraron ɗan'adam har dazukan Kwango, ana ganin inda suka yada zango a Afirka ta Yamma. Amma suna da tsada, tsuntsaye ƙalilan ake ɗaura wa, kuma ba su maye gurbin zobe ba. Abin da ya fi kusa da talaka shi ne shirin taswirar tsuntsayen Najeriya da APLORI ta fara a 2015. An yanka ƙasar gida-gida, kowane gida kusan kilomita 9 a tsaye da 9 a kwance. Mai sa kai ya shiga gida ɗaya, ya yi aƙalla awa biyu, ya rubuta duk nau'in da ya gani ko ya ji a manhajar waya. Matasan Arewa da dama sun shiga, kuma sun cike wuraren da a da babu ko layi ɗaya a kansu.

Abin da nake fatan gani a Zariya bai fi ƙarfinmu ba. Wuri ɗaya tsayayye, ko a lambun tsirrai na jami'a ko a bakin Kubanni, da raga goma, da gwanaye biyu da aka horar a Jos, da littafin da ba zai mutu ba idan ɗalibi ya kammala digiri ya tafi. Wannan na ƙarshe shi ya fi wuya, domin yawancin bincikenmu tsawon rayuwarsa tsawon kuɗin tallafi ne. Sannan a yi magana da Hausa a rediyo, da majalisun maharba, da makarantun allo da na boko, a ce wa jama'a: in ka ga zobe a ƙafar tsuntsu, babu sihiri a ciki, babu kuɗi, babu kuma wanda zai kama ka. Ka kwafe duk abin da ke rubuce, harafi da lamba, ko ka ɗauki hotonsa da waya. Ka riƙe ranar, da sunan wurin, da yadda aka same shi, a mace ko a raye. In yana da rai, ka bar masa zobensa ka sake shi. Ka kai bayanin sashen nazarin dabbobi na jami'a, ko ka aika wa cibiyar Jos. Ofishin da ya sa zoben yakan maido da amsa: ga ranar da aka sa, ga garin, ga nisan da ya yi.

Na yi wa dattijon Galma wannan bayani a bakin rijiyar lambunsa. Ya saurara har ƙarshe, ya sake duban zoben, ya tambaye ni wane wata masu rawayan cikin nan ke isowa. Na ce daga ƙarshen Satumba zuwa Oktoba, su tafi wajen Afrilu. Ya kwance zaren daga jikin makullan, ya naɗe zoben a 'yar takarda don kada sauran lambobin su goge, sannan ya ƙwala wa jikan nasa kira daga cikin albasa ya ce ya zo ya karɓi lambar wayata.